Birkin Ƙarfe a Motar Malam A-Hankali

Duk wanda ya koyi tuƙi a unguwar nan shekarun baya, da wuya a ce bai bi ta hannun Malam A-Hankali ba. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, domin kalmar ba ta barin bakinsa. Za ka tayar da mota, a hankali. Za ka sa giya, a hankali. Ko ruwa ka ɗauka za ka sha a gabansa sai ya ce maka a hankali. Tun yana ɓata rai har ya haƙura, sunan ya bi shi gida, matarsa ma idan tana jin tsokana da shi take kiransa.

Siririn mutum ne mai ɗan doro, irin doron da zaman mota yake sa wa mutum. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, tsakanin shagon mai aski da na mai sayar da fenti. Ba komai a ciki sai tebur, da benci, da allon da ya zana alamomin hanya da hannunsa, da wata fanka da ta fi ba da ƙara a kan iska. A ƙofa motar koyarwarsa take tsayawa, ƙarama, fara, duk kusurwoyinta sun sha duka a hannun 'yan koyo. A gefen da yake zama akwai birki na biyu, kuma shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa ta huje saboda yawan takawa.

Shekara talatin da wani abu ya yi a wannan kujera. Ya koya wa matan da ke kuka idan mota ta mutu musu a tsakiyar shataletale, ya koya wa samarin da suke ganin sun riga sun iya, ya koya wa tsofaffin da ke yi wa sitiyari riƙon wuyan ɓarawo. Abu ɗaya yake faɗa wa kowa tun ranar farko.

"Kowane sakarai ya iya taka totur," in ji shi. "Ni tsayawa nake koyarwa. Wanda bai iya tsayawa ba bai iya tuƙi ba."

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wannan mutum mai tafiya kamar yana ɗauke da ƙwai, zuciyarsa na wajen motocin gudu. Idan irin gajerun nan masu ruri suka wuce su a titi, yakan ce wa ɗalibinsa, "Idonka a kan hanya," alhali shi nasa idon ya bi motar har ta ɓace. Matarsa kaɗai ta gane. Tana zaune a bakin keken ɗinkinta takan ji ya yi shiru a tsakiyar magana idan wata ta wuce ta bayan gida, sai ta yi murmushi ta ci gaba da taka kekenta.

'Ya'yansu biyu. Babban namiji ne, ana ce masa Dogo don tun yana ƙarami ya zarce sa'anninsa, sai ƙanwarsa Auta. Auta ta yi karatu ta zama mai haɗa magani a wani asibiti. Dogo kuwa yana tsakiyar karatun kwaleji ya ajiye, ya ce shi ba nan hankalinsa yake ba, ya kama aiki a wani babban shagon kayan gyaran mota. Malam bai dake shi ba, bai kore shi ba, amma tun daga lokacin maganarsu ta gajarce. Ina kwana, lafiya lau, an dawo, sannu. Suna gida ɗaya, suna cin abinci a tebur ɗaya, amma kowa da gefen da yake kallo.

Ana nan, Malam ya doshi sittin, sai wani tsohon ɗan kasuwa ya aiko a kira shi. Tun Malam yana saurayi ya koya masa tuƙi, daga baya kasuwa ta yi masa kyau. Yanzu ƙarfi ya ƙare, zai koma wajen 'ya'yansa a nesa, yana rabuwa da kayansa. Ya ja Malam zuwa bayan gida ya yaye wani mayafi. Ga ta nan, shuɗiya mai duhu, kujera biyu kacal, ta kwanta a ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera. Ta kwana biyu a duniya, amma ba ta da ko ƙwarzane.

"Na san kana sonta," in ji tsohon. "Duk zuwan da kake yi gidan nan ita kake gaisarwa kafin ni. In na sayar wa yaran yanzu, kafin wata ya ƙare sun nannaɗe ta a jikin bishiya. Ba ni abin da ka iya, ka ɗauke ta."

Malam ya ba da abin da ya daɗe yana tarawa, wanda ko kusa bai kai darajarta ba, ya tuƙo ta gida.

Ba injin ne ya fi burge shi ba, birkin ne. Ta tsakanin ƙarafan wili kana hango faifan birkin, faffaɗa kamar tire, launin toka mai duhu, da ƙananan huji a jere. Ba ƙarfe ba ne. Wani haɗi ne na zaren gawayi da tangaran da ake gasawa a wuta mai tsanani, masu sana'ar suna ce masa kabon-siramik, shi kuwa Malam faifan tangaran yake ce masa. Ba ya tsatsa, ba ya ƙurar da ke baƙanta wili, ba shi da nauyi, kuma komai zafin da ya ɗauka ba ya saki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wa'azin tsayawa, yau ga shi da birkin da ya fi kowane birki a garin. Duk wanda ya zo ganin mota sai ya durƙusar da shi a gaban taya ya yi masa bayani, ko yana so ko ba ya so.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwarsa. Duk ranar Asabar da safe yakan ce, "Maman yara, ajiye ɗinkin nan, tashi mu zaga." Tana shiga tana ƙorafi.

"Wannan ai kamar a cikin baho nake zaune. In na shiga wa zai ciro ni?"

Amma kafin ya gama goge madubi ta shirya. Sukan bi hanyar da ta fita bayan gari, su tsaya su sha shayi a wani ɗan kanti, su juyo. Bai taɓa wuce gudun da doka ta yarda ba. Masu kekuna har wuce su suke yi a gangara. Mai aski, maƙwabcin ofishinsa, yakan ce, "Malam ya sayi jirgin sama yana turawa da hannu." Malam sai ya yi dariya. Shi sanin cewa gudun yana nan a ƙarƙashin ƙafarsa ya ishe shi.

Wata Asabar suna dawowa ƙusa ta shiga tayar gaba. Suka lallaɓa zuwa wurin wani mai faci a bakin hanya. Malam ya tsaya a kansa yana cewa a hankali, a hankali, sai matarsa ta kira shi ya miƙo mata jakarta daga mota. Juyawar da ya yi ke nan, mai facin ya zare wilin, nauyi ya rinjaye shi, gefen wilin ya sauka a bakin faifan. Ƙas! Ƙaramar ƙara ce, kamar an ajiye kofi da ƙarfi. Da Malam ya durƙusa sai ya ga ɓalli ya fita a bakin faifan kamar girman farcen babban yatsa, da wani siririn tsagu ya nufi ciki.

Mai facin ya ce, "Ai ba komai, ranka ya daɗe, ɗan gefe ne."

Malam ya biya shi, ya ja motar gida kamar mai rakiyar mara lafiya.

Bakaniken da ya saba yi masa gyara ya zo har gida ya duba. Mutum ne mai ƙiba, mai son raha, amma ranar bai yi raha ba. Ya haska fitila, ya shafa, ya miƙe yana goge hannu.

"Malam, wannan ba ya walduwa, ba ya gogewa. In ya tsage ya tsage. Kuma ba a sauya ɗaya, sai biyun gaba tare." Da ya faɗi abin da sababbi za su ci, matar Malam da ke tsaye a ƙofar gareji ta dafe ƙirji. Kuɗin ya isa a sayi sabuwar motar koyarwa har a yi canji.

"Amma akwai hanya," in ji bakaniken. "Mutane da yawa yanzu cire na tangaran suke yi gaba ɗaya, su sa na ƙarfe daidai girmansa, da takalman birkin da suka dace da shi. Bai kai rabin rabin wancan ba. Zai ɗan yi nauyi, zai yi ƙura, in an yi ruwa ka ga ja-ja a fuskarsa kafin ka taka. Amma tsayawa kam, irin tuƙinka, wallahi ba za ka ji bambanci ba. Na tangaran ai don masu tsere aka yi shi."

"Irin tuƙina," in ji Malam. Maganar ta soke shi a inda bakaniken bai nufa ba. "To ka ji, ni ba na rage wa mota birki. Shekara talatin ina hana mutane wasa da birki, sai yau in cire mai kyau in sa na araha? Yadda aka ƙera ta haka za ta koma."

"Malam, ba ragewa ba ne..."

"Na gode. Zan neme ka."

Aka rufe mota da tamfol a gareji. Malam ya ƙudura zai tara ya sayi na asali. Ya ƙara ɗalibai, ya daina hutun Asabar, ya daina shayin kanti. Amma duk lokacin da ya je ya tambaya sai ya tarar farashin ya yi gaba ya bar shi, kamar mai bin mota da ƙafa. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Duk mako yakan yaye tamfol, ya tayar da injin ya saurari rurinsa, ya wanke ta, ya sake rufewa. Matarsa takan leƙo ta ce, "Yau ma gaisuwa aka zo yi?" Tun tana faɗa da dariya har ta daina faɗa.

Dogo yana kallon duk wannan. Ashe a shagonsu yana ta bincike. Ya auna faifan da kansa wata rana da uban ba ya nan, ya tambayi waɗanda suka taɓa yin irin canjin, ya haƙura da babur ɗin da ya daɗe yana son saya, ya sa aka yi masa odar kayan daga nesa.

Wata safiya Malam yana ƙofar gareji tare da mai aski da mai fenti, sun zo duba shi suna hira, sai ga Dogo ya sauko daga motar shagonsu yana rungume da wani babban kwali, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Ya dire shi a gaban uban, ya koma ya ɗauko na biyu. Yana haki, yana murmushin da aka daɗe ba a gani a fuskarsa ba.

"Baba, ga shi. Gaba da baya, da takalmansu, da komai. In bakanike ya zo yau, gobe kai da Mama kuna hanya."

Malam ya buɗe kwalin. Ya ɗaga faifai ɗaya da hannu biyu, ya ji nauyinsa. Da su biyu ne kaɗai a wurin, wataƙila da abin bai kai inda ya kai ba. Amma ga abokansa suna kallo, mutanen da ya sha gaya wa cewa shi ba zai taɓa sa ƙarfe a motar nan ba. Sai ya ji kamar ɗan nasa ya zo ya tona masa asiri ne a gabansu, ya nuna cewa uban ya gaza.

"Wannan ai kasko ne," in ji shi. "Kai wa mamanka ta yi suya."

Mai aski ya fashe da dariya, mai fenti ya taya shi. Dogo ma ya ɗan yi yaƙe, yana jiran a wuce wurin. Amma dariyar ta ƙara wa Malam ƙarfi, harshensa ya zarce.

"Kai dai kullum hanyar araha kake nema. Duk abin da ya yi wuya sai ka ajiye ka ɗauki mai sauƙi. Haka ka yi da karatunka, yanzu kuma motata kake so ka mayar irinka."

Dariya ta tsaya cak. Mai fenti ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Dogo ya tsaya da hannuwansa a sake, ya dubi uban, ya dubi kwalayen.

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba," in ji shi. Ya ja kwalayen ɗaya bayan ɗaya zuwa lungun gareji, ya jera su a bayan tsofaffin tayoyi, ya shiga motar shago ya tafi.

Da rana matar ta same shi a falo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na ji abin da ka ce. Ta taga na ji."

"Wasa ne ya yi yawa."

"Na farkon ne wasa. Na biyun ka daɗe kana ajiye da shi, yau ka samu wurin sauke shi. Yaron nan wata nawa yana tafiya aiki a ƙasa don ya ga ka sake shiga motar nan. Ka kira shi ka ba shi haƙuri."

"Ni zan ba ɗan cikina haƙuri?"

"To zauna."

Ya yi niyya, ba a ce bai yi ba. Sau da yawa yakan ji takun Dogo a tsakar gida ya shirya maganar a bakinsa, amma da sun haɗa ido sai ta koma ina kwana, lafiya lau. Yana ta jiran ranar da ta dace. Kafin ranar ta zo, Dogo ya samu aiki a wani babban ɗakin ajiyar kaya a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda. Ya haɗa jakarsa, ya durƙusa ya yi wa uban sallama yadda ya kamata, uban ya sa masa albarka yadda ya kamata, ba wanda ya ƙara ko kalma. A can ya yi aure, a can aka haifa masa 'ya. Yakan kira uwarsa duk mako su daɗe suna hira, a ƙarshe ya ce, "A gaida Baba." In an miƙa wa Malam wayar, gaisuwa ce da tambayar lafiya, sai a yi shiru, sai a ce to madalla.

Sannan ido ya fara. Wata rana yana tare da wata ɗaliba a mahaɗar hanya, ya ce mata ta shiga, sai ita ce ta taka birki da ihu. Mai babur ne ya fito ta gefensa, kuma Malam bai gan shi ba sam, sai da ya gifta ta gabansu. Ya ce wa kansa gajiya ce. Da abin ya sake faruwa, Auta ta tasa shi gaba zuwa asibitinsu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ganinsa ta gefe-gefe ba tare da ciwo ba. Magani zai iya tsayar da shi, amma abin da ya tafi ya tafi. Duniya ta koma masa kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Ba wanda ya ce masa ya daina koyarwa. Shi da kansa ya cire allon ofis, ya sayar da farar motar ga wani tsohon ɗalibinsa. Da lokacin sabunta lasin ya zo bai ma je ba. Ya san amsar, shi da ya sha gaya wa mutane ita.

Ya zama mai zaman gida. Da safe ya ɗiga magani, ya saurari rediyo, ya zauna kusa da keken ɗinki yana warware wa matarsa zare. Garejin ma ya rage shiga. Wata rana Auta ta zo ta zauna a hannun kujerarsa.

"Baba, motar nan fa lalacewa take yi a tsaye. Tayoyin sun fara tsagewa. Ko a sayar, ko a gyara in riƙa fita da kai. Ni dai ka koya min tuƙi, kuma ka ce na fi duk ɗalibanka."

"Na faɗa ne don kada ki yi kuka."

"Oho dai, ka faɗa."

Ya yi dariya. Can ya ce, "Kama ni mu je gareji."

Suka ture tsofaffin tayoyin. Kwalayen suna nan inda Dogo ya jera su, ƙura ta lulluɓe su, gizo-gizo ya yi gida a tsakani. Auta ta buɗe. Kowane faifai yana naɗe cikin takarda mai maiƙo, ko ɗigon tsatsa babu. Takalman birki a ƙunshinsu, ƙusoshi a 'yar jaka, har da wasu siraran wayoyi da Malam bai san amfaninsu ba. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko bai duba ko ɗaya daga cikinsu ba, faifai ɗaya kawai ya ɗaga.

"Kira bakanike," in ji shi.

Bakaniken ya zo washegari da safe, kansa ya yi furfura, tumbin ya ƙaru. Bai ce ai na gaya maka ba, ko da yake Malam ya ga maganar tana yawo a bakinsa. Ya ɗaga mota a jak, ya cire na tangaran ya jingine su a bango, ya ɗaura na ƙarfe. Komai ya zauna daram, ba a nemi ko ƙusa ɗaya daga waje ba. Ya sauya mai, ya sa sabon batir da tayoyi. Kafin rana ta take ya wanke hannu.

"Shi ke nan?" in ji Malam.

"Shi ke nan."

Auta ta zauna a sitiyari, uban a gefenta. Suka fita a hankali, suka bi ta bayan ɗakunan ajiyar kaya inda akwai wata doguwar hanya da ba kowa. Bakaniken ya ce a fara taka shi sannu-sannu har takalman su zauna, suka yi hakan suna kai da kawowa. Sannan Malam ya ce, "Yanzu ba ta wuta."

"Baba, kai ne kuwa?"

"Ba ta wuta, na ce."

Injin ya yi ruri, kujera ta manne masa a baya, iska ta cika kunnensa. Gudun da bai taɓa yi da ƙafarsa ba, yau ga shi yana yi a kujerar fasinja, ba ya ma iya ganin gefen hanya.

"Taka!"

Ta taka. Bel ɗin kujera ya riƙe ƙirjinsa, motar ta tsaya cak, a miƙe, ba karkata, ba kuka. Ya zauna yana sauraren jikinsa, yana neman bambancin da ya yi shekaru yana karewa. Ya ce ta sake. Ta sake. Ya nema iya nemansa, shi da ya san birki kamar tafin hannunsa, bai samu komai ba.

"Ya ka ji, Baba?"

Malam ya juya fuskarsa wajen taga. Abin da yake lissafawa a ransa ba kuɗi ba ne. Asabar ɗin da suka wuce ne, lokacin da idonsa ke gani, matarsa ke iya lanƙwasa gwiwa ta shiga bahon nan tana ƙorafi. Duk suna nan a lungun gareji a bayan tsofaffin tayoyi, shi kuma yana wucewa ta gabansu duk mako da bokitin wanki.

"Mu koma gida," in ji shi.

Da yamma ya ce wa matarsa ta kira masa Dogo. Ta dube shi, ta latsa waya, ta miƙa masa, ta tashi ta ba shi wuri. Suka gaisa. Aka tambayi lafiyar ido, aka tambayi 'yar ƙarama. Shirun da aka saba ya zo.

"Na sa su," in ji Malam.

"Me fa, Baba?"

"Faifan da ka kawo."

Ya ji numfashin ɗansa a wayar, da hayaniyar wata babbar mota a bayansa.

"Au. Suna nan ashe. Suna tsayawa?"

"Suna tsayawa."

"To madalla."

Sauran maganar tana nan a maƙogwaronsa, ya buɗe baki, sai Dogo ya ce ana kiransa, kaya sun iso, zai sake kira.

Bayan wasu watanni Dogo ya zo da matarsa da 'yarsa, kwana biyu kawai aka ba shi. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, muryarsa ta zama ta magidanci. Gida ya cika da hayaniya, jikar tana hawa kan kakanta tana cire masa tabarau. A rana ta biyu Malam ya lalubo makullin daga aljihu ya miƙa masa.

"Ɗauki ka zaga. Ko mu je tare."

Dogo ya karɓa, ya juya shi a tafin hannunsa. Ba fushi a fuskarsa, da fushi ne ma da Malam ya fi samun sauƙi. Ya mayar wa uban makullin, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Ba yanzu ba, Baba. Kujera biyu ce, in na fita yarinyar nan za ta yi ta kuka. Wani zuwan."

Da za su tafi, an gama sa kaya a motar haya, Dogo ya ratse ya shiga gareji shi kaɗai. Malam yana tsaye a ƙofar falo, ta ɗan ramin ganin da ya rage masa ya hango shi ya durƙusa a gaban tayar gaba, ya sa yatsa ta tsakanin wili ya shafa faifan, ya duba baƙar ƙurar da ta kama masa yatsa. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya yi wa Auta wata magana, ya zo ya yi sallama, suka tafi.

Da ƙarar motar ta ɓace, Malam ya koma kujerarsa.

"Me ya ce wa Auta?"

Matar tana tattara kofuna. "Cewa ya yi kada ta riƙa zuba wa faifan ruwa in ta dawo da zafinsa. Wai lanƙwashewa yake yi."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan."

Ya jinjina kai. Ta ɗauki tiren ta nufi kicin, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kai ma ai kwana biyu yana gabanka, ba ka ce komai ba. Makulli ka miƙa masa."

"Ai ya gane."

"Ya gane mana, ba yaro ba ne. Amma ji yake so ya yi."

Ta shige. Malam ya zauna da makullin a hannu, yana jin ƙarar ruwa a kan kofuna. Can ya ɗaga murya ya tambaye ta ƙarfe nawa motarsu take isa, ta ce sai yamma lis. Ya ce to, in sun isa ta kira masa shi. Ta ce ta ji.